Ranar da Roda Ta Hana Yafiya

A shekarar da Turawa suka miƙa mulki, akwai wata tsohuwa da ake kira Sauda Mai Masa a wani lungu na unguwar Gwallaga, cikin garin Bauchi. Gidanta ba ya ɓace wa baƙo, domin akwai ƙwan jimina a tsororuwar zauren, wanda marigayi mijinta ya ɗora, kuma har ya rasu bai faɗi inda ya samo shi ba. Tana kuma da wani zakara da bai taɓa cara da asuba ba, sai rana ta take tsaka, lokacin da babu mai bukatarsa. Na daɗe ina tunanin zakaran nan, amma ba labarinsa zan ba ku ba.

Da damina ta tsaya sosai a shekarar, sai wata mata ta fara zuwa tana tsugunawa gefe da inda Sauda ke tuya a ƙofar gida. Ba ta saye, ba ta roƙo. Ta zo yau, ta zo gobe, har abin ya ishi Sauda.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "masa kike so ko hayaƙi? In hayaƙi ne, matso, kyauta ne."

Matar ta ce sunanta Roda, kuma gidan baffanta take nema amma an hana ta shiga. Hausarta wata iri ce, kamar an jiƙa ta cikin Larabci an shanya. Sauda ta tura mata masa a ganye, ta ce ta ci tukuna.

Ga abin da Roda ta faɗa bayan ta ci. Mutanensu daga duwatsun kudu suke, Kiristoci ne. Da mahaifinta ya rasu tana ƙarama, baffanta Obadiya ya ɗauko ta zuwa Bauchi, inda yake aikin kuku a gidan wani Bature. Sai wani ɗan kasuwa mai fataucin fata da kanwa ya ce matarsa na son yarinyar da za ta riƙe mata jariri zuwa Kano, a can za ta koyi ɗinki, ta dawo da kaka. Obadiya ya yi murna ya ba da ita. Ba Kano aka nufa ba. Gabas aka yi, cikin ayarin masu tafiya aikin hajji ta ƙasa. Tun kafin su bar ƙasar Barno mutumin ya ce mata, duk wanda ya tambaye ta a hanya ta ce sunanta Aishatu, kuma ita 'yarsa ce. Suka ƙetare Sudan, suka ƙetare ruwa. A Jidda ya kai ta wani gida mai hawa, ya ce ta jira shi zai je ya sayo mata takalmi. Shekara wajen goma ta yi a gidan nan tana wanki da niƙa da ɗiban ruwa. Tun a watan farko wata baiwa ta gaya mata ta daina leƙen ƙofa, domin mai takalmin ya karɓi kuɗinta ya tafi. Da uwar gidan ta mutu aka shiga rabon gado, sai wata tsohuwa Bahaushiya mai sayar da ƙosai ta ɓoye ta, ta haɗa ta da masu komowa gida.

"Wane ne mutumin?" in ji Sauda.

"Sabitu."

"Sabitu da yawa a garin nan."

"Mai tabo a nan, ƙarƙashin kunne."

Sauda ta san tabon. Ita ce ta shafa masa magani ranar da ya faɗo daga bishiyar kanya. Alhaji Sabitu ɗan wanta ne, ita ta goya shi a bayanta. Ta zauna da cokalin juyi a hannu har masar da ke cikin tanda ta ƙone ƙurmus, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta fara sana'a.

"Tashi ki shiga ciki," in ji ta. "Kin jawo mini asarar ƙullu."

Zama da Roda sai mai haƙuri, Sauda kuwa ba ta da shi. An ba ta ɗaki da tabarma, amma sai ta yi barci a zaune bakin ƙofa. Ba ta shan ruwa sai ta nemi izini. In aka ba ta tuwo, sai ta raba biyu ta ɓoye rabi a bayan randa, har tururuwa suka gane wurin suka mai da shi kasuwa. In ta ji muryar namiji a zaure, sai ta ɓace, a neme ta a same ta cikin rumbu.

"Zauna mana!" Sauda kan daka mata tsawa. "Wa ya ce ki tsaya mini a kai kamar dogari? Ruwan nan na Allah ne, ki sha!"

"To, Inna."

"Kuma ki daina ce mini to."

"To, Inna."

Da Sauda ta ga faɗa ba ya yi, sai ta ba ta tanda ɗaya da kasonta na ƙullu, ta ce abin da ta sayar nata ne. Ranar farko Roda ta kawo mata duk cinikin. Sauda ta ɗaure shi a bakin zanen Roda da kanta, tana mita. Akwai wani abu kuma. Zakaran nan da ba ya kula kowa ya ɗauki Roda uwar ɗakinsa, duk inda ta sa ƙafa yana biye, in ta shiga rumbu sai ya tsaya a gindi yana gadi. Da shi ake gane inda ta ɓuya.

Da Sauda ta tashi nema wa Roda haƙƙinta, sai ta fara da Obadiya. Ta ja Roda suka je bayan gidan Baturen, suka same shi yana gyaran kaza. Dattijo ne a majami'arsu, mutum mai tsabta da sanyin murya. Ya saurari labarin tun daga farko har ƙarshe, har da sunan Aishatu da maganar takalmi, bai ɗaga kai daga kan kazar ba.

"Mama," ya ce wa Sauda, "Rodanmu ta rasu. Zazzaɓi ya kama ta a hanyar Kano. Alhaji da kansa ya kawo mini zanenta, yana kuka. Mun yi mata addu'a a majami'a, mun yi waƙa. Wannan ko yarenmu ba ta ji."

"Wa za ta yi yaren da shi a Jidda? Da raƙumi?"

"Ni dai na binne 'yata a zuciyata."

"To tono ta, ga ta a tsaye!"

Obadiya ya ce Bature na da baƙi saboda bikin mulkin kai, a bari a gama biki tukuna. Roda ta ce, "Baba," sau ɗaya, a hankali. Ya juya ya shiga madafa.

Sauda ta je wurin Baba Jalo, dattijon da ake kai wa ƙarar lungun. Ta same shi yana gwada wata doguwar gora da za a ɗaura sabuwar tuta, kore da fari da kore. Ya ce maganar babba ce, babbar magana kuwa ba a yin ta a tsaye, a bari a gama biki. Ta je wurin wani sajan na 'yan doka. Ya ce Jidda ba ta cikin yankinsa, kuma duk mutanensa suna koyon fareti, a bari a gama biki. Ta aika a kira mata Sabitu. Bai zo ba, sai ya aiko da buhun shinkafa da saƙo cewa yana gaida Gwaggo, kuma ta yi hankali da mahaukatan da ke yawo a gari, shi bai taɓa ganin matar nan ba. Sauda ta sa aka mayar masa da buhun, aka jingine a ƙofar gidansa, akuyoyi suka fasa shi.

"Wannan biki," in ji Sauda ga masu sayen masa, "in ya zo ina so a nuna mini shi. Ina da magana da shi."

Ana cikin haka labari ya zo cewa Alhaji Sabitu zai koma Gabas. Ya haɗa ayari, ya ɗauki hayar babbar mota mai bodin katako, za a tashi ana gobe biki. Kuma zai biya ta Kano, in ji shi, ya ajiye wata yarinya a gidan ƙanwarsa ta koyi ɗinki. Yarinyar ita ce Dorcas, autar Obadiya, wadda ba ta wuce shekara goma ba.

Sauda ta sake zagaye mutanen nan uku. Obadiya ya ce Alhaji mutumin kirki ne, shi ya taimaka masa da kwanon rufi. Baba Jalo ya ce gorar ta tsage, sai an nemo wata. Sajan ya ce uban yarinya ne ya ba da ita, ina laifi? Ta dawo gida ƙafafunta sun kumbura, ta zauna a kan turmi ta zagi kowa da kowa, har da marigayi mijinta da ya mutu ya bar ta da mutanen banza.

To, a wancan zamani tafiya Gabas ta ƙasa ba wasa ba ce. Wani ya dawo bayan shekaru, wani ba ya dawowa sam. Saboda haka duk mai niyya, kafin ya tashi, sai ya bi gida gida, na dangi da na maƙwabta, ya ce a yafe masa. A ce masa, "Mun yafe, mu ma ka yafe mana." Haka ake amsawa, kamar yadda ake amsa sallama. Na ga an yafe wa ɓarawon akuya, na ga an yafe wa wanda ya cinye gadon marayu, mai yafewar ma ba ya daina tauna goro. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai wata amsa dabam.

Sabitu ba shi da halin tsallake gidan Sauda. Ita kaɗai ta rage a ɗakin ubansa, in ya tafi bai sallame ta ba gari zai ɗauka. Ya kuma ji labarin cewa baƙuwar gidan rumbu take shiga in ta ji muryar namiji.

Da safiyar ranar, Roda ta ce, "Inna, in ya zo zan shiga rumbu."

"Shiga," in ji Sauda, tana kwaɓa ƙullu kamar shi ya yi mata laifi. "Ke ki shiga rumbu, Dorcas ta shiga mota. Kowa ya samu wurin shiga. Ni na gaji. Na yi ƙafa, na yi baki, babu mai jin tsohuwa."

Roda ba ta ce to ba. Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar wurin da ta riga ta share.

Da hantsi motar ta zo ta tsaya a bakin lungu, domin ba ta iya shiga. An yi mata lodin buhunan gero da tabarmi da butoci, maniyyata na zaune a sama. Direban, Ɗanlarai, ya ƙi kashe inji, don in ta mutu sai an tura. Alhaji Sabitu ya sauko cikin farar babbar riga, haƙorinsa na zinariya na walƙiya. Ya taho da liman Malam Abdulsalam, da Baba Jalo, da 'yan rakiya masu yawa, don Gwaggo ta ji kunyar jama'a. Ya tsuguna a bakin zaure.

"Gwaggo, tafiya ta kama. Na zo ki yafe mini, ke da duk wanda ke gidan nan."

"Ni na yafe maka fitsarin da ka yi mini a baya," in ji Sauda. "Wannan haƙƙina ne. Sauran kuwa ba ni kaɗai ce a gidan ba."

"Ai na haɗa da kowa, Gwaggo."

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "An yafe, an yafe, Allah ya kai lafiya." Sabitu ya dafa gwiwa zai miƙe.

Sai zakara ya fito daga cikin zaure. A bayansa Roda, da tsintsiya a hannu.

"Ban yafe ba," in ji ta.

Muryar ƙarama ce, amma kowa ya ji. Mutane suka dubi juna kamar an ga jaki ya hau rufin ɗaki.

Baba Jalo ne ya fara farfaɗowa. "Yarinya, ba haka ake cewa ba. Cewa ake, na yafe."

"Ban yafe ba, Baba."

"Baƙuwa ce, ba ta san al'ada ba," in ji wani. "A koya mata."

"Haba baiwar Allah, mota na jira!"

"Mai yana ƙonewa!" Ɗanlarai ya ƙwala daga nesa, ya danna odar mota.

Wata mata ta matso ta ce wa Roda a kunne, da ƙarfin da kowa ya ji, ta faɗa kawai da baki, ba sai ta kai zuci ba, kowa ma haka yake yi. Wani ya miƙa mata goro. Baba Jalo ya ce gobe ranar farin ciki ce ga ƙasa baki ɗaya, bai kamata a ce lungunsu ne ya kwana da rigima ba, kuma ga shi har yanzu bai ɗaura tuta ba.

"Ku ji mini mutane!" in ji Sauda. "Wata da watanni ina bin ku ku saurare ta, kuka ce sai an gama biki. Yau da kalma ɗaya ta tsaya mata a wuya, duk kun sami lokaci!"

Sabitu ya yi murmushi, ya ce wa liman, "Allah ya gafarta Malam, matar nan ba ta da lafiya. Ban san ta ba. A yi mana addu'a mu kama hanya."

Malam Abdulsalam tsoho ne mai jinkiri a komai. An ce ko atishawa zai yi sai ya yi shawara. Ya sosa gemu, ya dubi ƙwan jiminar da ke saman zaure kamar a can amsar take.

"To," in ji shi. "Haƙƙin Allah, Allah ke yafewa. Haƙƙin mutum kuwa, sai mutumin. Ni ba ni da ikon yafewa a madadinta, Jalo ba shi da shi, taron nan duka ba shi da shi."

"Malam, ai ba Musulma ba ce," in ji wani daga baya.

"Ban ga inda aka cire ta ba," in ji liman. Ya juya wurin Roda. "Me zai sa ki yafe?"

"Ya faɗi abin da yake so a yafe masa."

"Duk abin da na yi, da sani da rashin sani," in ji Sabitu da sauri.

"Wanne?" in ji Roda.

A lokacin maniyyata sun fara saukowa daga mota don su ga abin da ya tsai da su. Cikinsu akwai wani tsohon Bafulatani da ya sayar da shanunsa don tafiyar. Da ya ji yadda ake ciki, sai ya ce a sauko masa da buhunsa da butarsa. Ya ce shi ba zai hau mota ɗaya da mutumin da aka ce ba a yafe masa ba, ga gadoji a gaba, ga ruwan teku. Wata tsohuwa ta ce ita ma haka. Ɗanlarai ya zo yana zage-zage, ya ji dalili, ya haɗiye zaginsa, domin shi ma ya san halin birkinsa. Daga bayansu Obadiya ya iso, riƙe da hannun Dorcas. Ya zo rakiya ne. An saya wa yarinyar sabon gyale, ta lulluɓa har ka, tana ta shafa shi.

Sabitu ya ga ayarinsa na warwarewa a gabansa. Ya matsa kusa da Roda, ya ce, "Ke, ko wace ce ke, ki yi wa Allah ki yafe."

"A'a," in ji liman. "Ba a roƙon bango. Mutum ake roƙo, da sunansa. Kira sunanta."

Nan fa aka zo wurin. In ya ce Roda, ga Obadiya a tsaye, wanda ya kai wa zane yana kuka. In ya ƙi, ga buhuna ana saukewa. Ɗanlarai ya ce in ba a tashi kafin azahar ba, shi Jos zai nufa da motarsa. Sabitu ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sassauta murya irin ta mai lallashin yaro, sai bakinsa ya kama sunan da ya saba kiranta da shi wata da watanni a kan hanya.

"Haba Aishatu, ki dubi girman Allah."

Yawancin jama'a ba su ga komai a ciki ba. Amma Sauda ta tafa hannu.

"Wa ya gaya maka? Mutum biyu ta faɗa wa sunan nan a duk garin Bauchi, ni da wancan mai gyaran kaza. Kai da ba ka taɓa ganinta ba, a ina ka samo shi?"

"Bakina ne ya kuskure."

"Bai kuskure zuwa Hauwa ba, bai kuskure zuwa Ladi ba?"

Sai Dorcas ta ja rigar ubanta. Ba ta san rigima ake ba, ita dai ta ji ana maganar suna.

"Baba, ni ma Alhaji ya ba ni nawa. Ya ce in an tambaye ni a hanya in ce Ruƙayyatu, kuma ni 'yarsa ce. Ya ce kar in gaya maka, wai wasa ne."

Obadiya bai yi ihu ba. Ya sunkuya ya zare gyalen daga kan 'yarsa a hankali, ya ninke shi yadda yake ninke tsummar teburin Bature, ya ajiye a ƙasa gaban Sabitu. Sannan ya dubi Roda, ya faɗi wata kalma da yarensu. Ban san ma'anarta ba, kuma an ce ita ma Roda ta manta yaren. Amma ta saki tsintsiya.

Daidai lokacin rana ta take, zakara ya yi cara.

Abin da ya biyo baya hayaniya ce. Wata mata ta tuna ɗan ƙanwarta da Alhaji ya tafi da shi wancan karon, aka ce ya ɓace a Sudan. Wani ya tuna yarinyar maƙwabcinsa. Baba Jalo ya ce dama shi ya daɗe yana zargi. Ya aika a kira 'yan doka, aka dawo aka ce suna filin fareti. Kafin a gama gardamar wanda zai riƙe Sabitu, an neme shi an rasa. Ya bi ta bayan masallaci, ya bar takalminsa ɗaya a ƙofar zaure. Wasu sun ce an gan shi a Jos, wasu sun ce an kama shi a kan iyaka da wasu yara, ba ni da tabbas. Bai sake shigowa Bauchi ba dai. Motar ta tashi da yamma da sauran maniyyata, tsohon Bafulatani ne jagora, bayan ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar babu wanda ake bi haƙƙi, kuma babu yaron da ba na mai shi ba.

Washegari aka yi biki. An ɗaura tutar Baba Jalo a kan gora, 'yan makaranta suka wuce suna waƙa. Sauda ba ta je ba, ta ce ita da bikin ba sa magana.

Da rana Obadiya ya zo, da hularsa a hannu. Ya tsuguna a inda Sabitu ya tsuguna jiya. Ya ce ya gyara ɗaki, matarsa ta yi shara, majami'a za ta yi addu'ar godiya. Sannan ya ce, "Roda, ki yafe mini."

Roda na juya masa a tandarta. Ta juya ɗaya, ta juya ta biyu.

"Ba yau ba, Baba," in ji ta. "Amma ka turo mini Dorcas ta riƙa zuwa. Kuma ka kawo mini zanen nan."

Obadiya ya buɗe baki, Sauda ta riga shi.

"Ka ji dai. Ba yau ba. A bari a gama biki."

Ya tafi, ya dawo da zanen, ya ci gaba da zuwa duk ranar Lahadi bayan sujada yana zama a zaure. Roda ba ta koma gidansa ba, amma ta daina shiga rumbu.

Sauda kuwa ba ta huta ba. Labari ya bazu har ƙauyuka. Mata suka riƙa zuwa daga Tirwun, daga duwatsun kudu, daga wuraren da ba ta taɓa jin sunansu ba, Musulmi da Kirista, kowace da sunan yaron da wani mutumin kirki ya tafi da shi koyon sana'a. Suna tambayar Roda ko ta gan shi a can. Mafi yawa ba ta gan su ba, sai ta faɗa musu gaskiya, ta kuma gaya musu yadda ake yi: alkawarin ɗinki, sabon gyale, sabon suna. Wasu da ake shirin karɓar 'ya'yansu suka koma gida suka fasa. Kafin shekara ta zagayo, wasu mata biyu da suka komo daga Gabas ba su da wurin zuwa an nuna musu gidan mai ƙwan jimina. Ɗaya daga cikinsu ko magana ba ta yi sam.

"Gidana ya zama tasha!" Sauda kan ce wa duk mai saurare. "Su cika mini zaure, su yi kuka, su sha mini ruwa, ba mai sayen masa ko ta anini. Ni na ce ina neman 'ya'ya da tsufana? Ke, sabuwar nan, wa ya ce ki tsaya? Zauna! Roda, ba ta tanda, ki nuna mata yadda ake zuba mai. Kuma ki duba bayan randa, na ga tururuwa sun dawo."